Taswirar Lafiya Lau

Duk wanda ya sake ce mini kwamfuta ba ta ƙarya, wallahi sai an raba mu da shi. Na yarda ba ta ƙarya, amma ba ta da haƙurin sauraro, kuma rashin haƙurin nan nata ne ya ci ni a shekarar ƙarshe ta karatuna.

Sunana Hidaya. Harkar sufuri da jigilar kaya nake karanta a wata babbar makaranta a nan Garwa. Babana, Alhaji Ridwan, shi da ƙanensa suna da manyan motoci a unguwar Roumdé Adjia, masu kai siminti da gishiri da shinkafa Touboro da Maruwa, su dawo da masara da gyaɗa. A garejin akwai wani tebur, a kansa ake yanke wace mota za ta tashi, da kayan wa, ta bi wace hanya. Ba abin da nake so a duniya kamar teburin nan, kuma saboda shi na shiga wannan karatun.

Da idon Baba ya fara rauni, sai Baffa, ƙanen nasa, ya kawo maganar a ɗora ɗansa Mahfuzu a wurin. Mahfuzu fa! Mutumin da in ka ce masa mota ta yi lodi ya wuce kima, sai ya ce ai direba ya yi a hankali. Baba bai so ba, amma dukiyar tasu ce su biyu, shi ya sa ya yanke magana a gaban Baffa. Ya ce in na kawo takardar gama karatu kafin a fara kwasar amfanin gona, tebur nawa ne. In ban kawo ba, na Mahfuzu ne. Baffa ya yarda yana murmushi, ni ma na yarda, don a lokacin ban ga abin da zai hana ni ba.

Ba a samun takardar sai ɗalibi ya yi aikin ƙarshe, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, abin da muke kira sutenans. Mai duba aikinmu Madam Léontine ce, mace mai gilashi a kan hanci wadda ba ta dariya sai ta ga dalili. Tun ranar farko ta ce ba ta son abin da aka kwafo daga intanet, mu fita mu nemo matsalar gaske ta hanyoyin arewa, mu sa na'ura ta warware ta. Ta haɗa ni da Hubert, ɗan kudu ne, gwanin rubuta manhaja, amma duk Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Da Faransanci muke magana.

Ni na kawo shawarar. Da damina mai mota ba ya sanin halin da hanya take ciki sai motarsa ta nutse a laka. Na ce mu sa manhaja a wayar direbobi, safe da yamma ta tambaye su halin hanya, su amsa da baki tunda yawancinsu ba sa rubutu. Kwamfuta ta saurari amsar. In ta ji "lafiya", ko "jam" na Fulatanci, ko "ça va" na Faransanci, ta shafa wa hanyar kore a taswira. In ta ji laka, ko ruwa, ko gada, ko "mun maƙale", ta shafa ja. Madam ta cire gilashi ta dube ni, ta ce wannan aiki ne.

Da muryata aka ɗauki tambayar. Hubert ya rubuta mini ita da Faransanci, kalma uku kacal, wai halin hanya. To ni zan buɗe baki in ce wa sa'annin ubana "faɗi halin hanya" kamar jandarma a shinge? Waɗannan mutanen sun goya ni ina jaririya. Sai na ce, "Salamu alaikum Baba, Hidaya ce. Barka da ƙoƙari. Yaya hanya?"

Muka gwada a aji da 'yan ajinmu. Wannan ya danna ya ce "akwai laka", hanya ta yi ja. Wancan ya ce "lafiya lau", ta yi kore. Har tafi aka yi mana. Kada ka tambaye ni wahalar da muka sha kafin a kai nan. Ɗakin kwamfutar makarantar, rabin na'urorin sun mutu tun kafin mu shigo, sauran kuma in akwai wuta babu mai makulli, in mai makulli ya zo wuta ta tafi.

Baba ya tara direbobinsa ya ce daga yau kowa ya daina kiransa kan maganar hanya, su gaya wa Hidaya ta cikin waya. Na ji kaina ya yi girma ranar, ba zan ɓoye ba.

Damina ta sauka. Taswirata kore shar, daga Garwa har Touboro, daga Garwa har Maruwa. Aka shiga watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, taswira tana nan kore. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, na buɗe wasu saƙonnin na saurara. Muryar Baba Hamadu ce, babban direbanmu, yana cewa, "Wa alaikumus salam, Hidaya 'yar albarka. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya Alhaji, yaya..." sai shiru. Na tambayi Hubert me ya sa maganar take yankewa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "C'est normal," wai haka ya kamata. Na ɗauka matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya, don kowa ya san yadda waya take yi a dajin nan. Tunda dai mutum ya ce lafiya lau da bakinsa, me kuma zan nema?

Wata safiya a watan Satumba Baba ya kira ni.

"Hidaya, me na'urarki ta ce a kan hanyar Touboro? Ina da simintin mutane, suna ta damuna."

"Kore ce, Baba. Baba Hamadu yana kanta tun shekaranjiya, ko ɗazu ya yi magana, ya ce lafiya lau."

"Kin tabbata?"

"Baba, kwamfuta ce fa."

Aka loda siminti, mota ta tashi. Ashe tun ranar da Baba Hamadu ya isa wani mayo kafin Touboro, irin rafin nan da ake ratsawa da rani ƙafa a bushe, ruwa ya cinye mashigar. Yana nan tsaye a bakin ruwa da shinkafarsa. Motar siminti ta zo ta same shi, direban ya nemi ya juya, ƙafar baya ta zame cikin laka, mota ta kwanta gefe, tamfol ya yage. Aka kwana ana ruwa a kai. Kafin a samu abin da zai jawo ta, rabin simintin ya zama dutse.

Ranar da suka dawo gareji ina wurin. Baffa yana wurin, Mahfuzu ma ya zo ya jingina da bango yana wasa da makullin babur. Baba bai ɗaga murya ba, ya dai tambayi Baba Hamadu me ya hana shi faɗa.

"Ni, Alhaji? Ni ban faɗa ba?" in ji dattijon. "Safe da yamma ina faɗa! Kai ka ce mu gaya wa yarinya ta cikin waya. Kira ba ya shiga a wurin, sai wannan abin nata. Har mamaki nake, na ce kada a turo kowa, sai ga mota."

Na ce, "Baba Hamadu, ni lafiya lau na ji ka ce."

"To da me zan ce? Kawo in nuna miki yadda nake yi."

Ya ciro wayarsa, ya danna, muryata ta fito tana yi masa sallama. Ya gyara tsayuwa kamar ina gabansa, alhali kuwa ina gabansa ɗin.

"Wa alaikumus salam, Hidaya 'yar albarka. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya Alhaji, yaya ƙarfin idon nasa? Yaya Hajiya? Yaya karatu? To madalla, Allah ya ba da sa'a. Hanya kam alhamdu lillahi, mun gode wa Allah. Sai dai fa, Hidaya, ruwa ya cinye mashigar mayo, ko jaki ba ya wucewa. A gaya wa Alhaji kada a turo kowa."

Ina tsaye ina kallon fuskar wayar. Akwai wani ɗan ɗigo da yake haske in tana ɗaukar magana. Tun yana kan tambayar lafiyar Baba ɗigon ya mutu. Duk sauran maganar da iska yake yi.

Baffa ya ce, "Ikon Allah. Wato karatun ke nan."

Mahfuzu ya ci gaba da wasa da makullin babur ɗinsa.

Ban san yadda na hau babur na isa makaranta ba. Na tarar da Hubert a gindin darbejiya yana cin gyaɗa. Na tambaye shi me ya yi wa saƙonnin. Ya ce ai daƙiƙa goma ya ba kowane saƙo, daga nan waya ta daina ɗauka, don in ya yi tsawo ba zai fita daga daji ba.

"Daƙiƙa goma? Hubert, daƙiƙa goma ko Alhaji ba a gama gaisarwa ba!"

"Tambaya ɗaya ce, yaya hanya. A garinmu in an tambaye ka hanya, hanya kake faɗa."

"A nan kuma wanda ya fara da mummunan labari ba gaisuwa, ba a haife shi a gida ba! Kowa lafiya lau yake cewa, ko a gadon asibiti yake. Maganar gaske tana bayan 'sai dai'."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka gaya mini ka sa almakashi ba? Na tambaye ka, ka ce normal!"

Ya ce to da na karanta tambayar yadda ya rubuta, ban sa sallama da barka ba, da ba su ɗauka hira ce ba. Na ce ko da ƙarar jirgi ka tambayi Baba Hamadu, sai ya gaishe ka. Muka yi ta yi har masu wucewa suka tsaya kallo. Da na huce na tambaye shi inda sauran maganar take, wadda ke bayan daƙiƙa goman, don mu ɗauko mu gyara. Ya sunkuyar da kai. Babu ita ko'ina, waya ba ta taɓa ɗaukarta ba. Damina guda muka yi muna tara gaisuwa, da Hausa da Fulatanci, jam ni, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Hubert ya ce mu kai aikin haka nan, ai manhaja tana aiki, malamai ba za su sani ba. Na ce rabin Roumdé Adjia sun san simintin Alhaji Ridwan ya daskare a hanyar Touboro, kana ganin labarin ba zai haura katangar makaranta ba? Muka je muka gaya wa Madam Léontine.

Ta saurare mu har ƙarshe. Ta ce sutenans na watan Oktoba kam ya wuce mu, ba za ta sa hannu a kan taswirar da ba ta taɓa yin ja ba. Amma akwai zama na biyu a ƙarshen Nuwamba. In mun gyara, muka kawo shaida daga bakin direbobi na gaske, a kan hanya ta gaske, cewa na'ura tana gane hanyar da ta lalace, za ta tsayar da mu. Na lissafa a raina, ƙarshen Nuwamba motocin masara ba su gama shiri ba. Da sauran numfashi.

Hanya mafi sauƙi na fara bi. Na je gareji na roƙi direbobi su bar gaisuwa, su faɗi matsala kai tsaye. Suka ce to. Washegari na buɗe saƙon Baba Hamadu, na ji, "Wa alaikumus salam, Hidaya, kin ce kada a yi gaisuwa, to shi ke nan, ba za a yi ba. Fatan dai kowa lafiya. Yaya Alhaji..." Na kifa kaina a kan tebur.

Sai muka ce a bar murya gaba ɗaya, a sa maɓalli biyu, kore da ja, ko makaho ya iya. Aka yi kwanaki ba wanda ya danna ja, alhali har lokacin ana ɗan yayyafi kuma na san akwai wuraren da ke da santsi. Na tare Baba Hamadu.

"Baba, don Allah me ya hana ka danna ja?"

"Hidaya, ina kan hanya, da ran mutane da dukiyar mutane, in danna ja tsirara haka, ba alhamdu lillahi ba komai? Baki shi ke yanka wuya. Mutum ya fara gode wa Allah tukun, sannan ya faɗi abin da ya rage."

"To ka ce alhamdu lillahi a bakinka, ka danna ja da hannunka!"

"Abin da na danna shi zai je, ai ba abin da na faɗa ba."

Wallahi da ba sa'an ubana ba ne, da na yi ihu.

Ƙarshe dai muka koma kan abin da ya kamata tun farko. Waya ta bar mutum ya yi magana har ya gaji, ta ajiye, in an samu rezo ta tura. Kwamfuta kuma ta zubar da duk abin da ya zo kafin "sai dai" ko "amma", ta duba abin da ya biyo baya. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, satin da muka fara, aka ɗauke wutar unguwar makaranta. Da ta dawo, zazzaɓi ya kwantar da Hubert. Da ya tashi, mai makullin ɗakin kwamfuta ya tafi biki Maruwa da makullin a aljihu. Na kwashi Hubert da 'yar kwamfutarsa mai zafi kamar kaskon ƙosai na kai shi garejinmu, muka jona da batirin mota. A haka muka gama.

Ranar da muka sa sabuwar manhajar a wayoyin direbobi, na ɗaga kai na dubi sama. Tas take, ko ɗigon gajimare babu.

Saƙonni suka fara shigowa, dogaye, cikakku, ba abin da ya yanke. Baba Hamadu ya gaishe ni, ya gaida Baba, ya gaida Hajiya, ya gode wa Allah. Ina zaune ina jiran "sai dai" kamar mai jiran a kira sallar shan ruwa. Sai ya ce, "Hanya kam ta bushe, mayo ma ƙafa a bushe muka wuce. Sai mun iso." Taswira ta yi kore, kuma wannan karon gaskiya ta faɗa.

Kullum da safe sai na fita na dubi gabas. Ni 'yar mai motoci, wadda aka yi wa tarbiyya da addu'ar Allah ya kai lafiya ya dawo da su lafiya, na wayi gari ina fatan motar ubana ta maƙale. Ko sau ɗaya, ko a ɗan kududdufi. In na kama kaina sai in yi istigfari, can anjima in sake.

Sau ɗaya ja ya fito, a hanyar Maruwa. Na yi tsalle har na ture kujera. Da na saurara, direban cewa ya yi, "Sai dai fa taya ta fashe, mun maƙale a bakin titi." Na kai wa Madam da gudu. Ta ce taya ba hanya ba ce, wannan ma kuskure ne, mu gyara. Don takaici har na je na sami Baba Hamadu a ɓoye, na ce ya taimake ni ya ce akwai laka, sau ɗaya tak. Ya dube ni da tausayi.

"Laka a watan nan, Hidaya? Ko akuya ba za ta yarda ba. Malamar taku ba a Garwa take kwana ba?"

Ƙarshen Nuwamba muka shiga ofishin Madam Léontine. Na yi mata bayanin duk abin da muka canza, na kunna mata saƙonnin, na fassara mata gaisuwar kalma bayan kalma. Ta ɗauki taswirar Agusta da muka buga a takarda, ta ɗauki ta Nuwamba, ta ajiye su gefe da gefe, ta rufe kwanan watan da tafin hannunta.

"Wacce ce sabuwar?"

Na duba, na sake dubawa. Ni kaina ban iya rabewa ba.

"Ni na yarda kun gyara," in ji ta. "Amma sauran malaman ba yardata za su duba ba. Aikin damina ne, sai damina ta gwada shi. Ku dawo bayan ruwan baɗi."

"Madam, ba ni da baɗi. Yanzu nake bukatarta."

"Na ji, Hidaya. Ba ni nake saukar da ruwa ba."

Hubert ya ɗaga kafaɗa, ya ce zai nemi ɗan aiki a shagon waya kafin lokacin. Shi shekara kawai ya rasa.

Da na isa gareji, motoci sun yi layi, ana wanke su, ana ɗaure tamfol, gobe za a fara tafiya ɗauko masara. Baba yana zaune shi kaɗai a bakin ofis. Ban gaishe shi da kyau ba ma, na gaya masa abin da Madam ta ce.

"Baba, ka san na fi Mahfuzu sanin aikin nan."

"Na sani."

"Ka san ba wasa na yi ba. Na'urar tana aiki yanzu, wallahi tana aiki. Ruwa ne kawai babu."

"Na sani, Hidaya."

"To?"

"Magana na yi a gaban ƙanena. Da ke kika kawo takarda, shi ya ce a'a, me za ki kira shi?"

Hawayen da na riƙe tun daga ofishin Madam suka zubo, ban ko share ba. Ta taga ina hango Mahfuzu a ciki, har ya matsar da teburin kusa da fanka, yana ta juya wata takardar lodi ya rasa ta ina ake fara karanta ta.

Baba ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kin ce yanzu tana jin magana har ƙarshe, ko?"

"Tana ji."

"To kada wahalarki ta tafi a banza. Shiga ki koya masa yadda ake duba ta, kafin motoci su tashi."

Na tsaya ina kallonsa, ko zai ce wasa yake yi. Bai ce ba. Na goge fuskata da gefen mayafi, na shiga. Mahfuzu ya ɗago daga kan kujerar Baba, ya miƙo mini wayarsa, ya ce in fara nuna masa inda ake kunnawa.